Shekarar da Muka Cinye Iri

Matso kusa, ga gefen tabarma nan, zauna. Akwai wata magana da na daɗe ina juyawa a raina, yau nake so in ajiye ta a gabanka ka taya ni dubawa.

Ni mutuniyar gida ce. Tun da aka kawo ni wani ƙauye a ƙasar Sundimina, can gefen Birnin Kudu, ban cika fita ba sai biki ko gaisuwar rasuwa, kuma ban taɓa jin na rasa wani abu ba. Duniya ce take zuwa ta same ni ta kan darni. Allah ya ba ni kunne. Ina tsakar gida zan gaya maka wanda ya shigo zaure daga jan takalminsa, in gaya maka ko gero maƙwabciyata take surfawa ko dawa daga amon turminta. Kunnen nan shi ya fara gaya mini rumbunmu ya kusa ƙarewa.

A wurinmu mace ba ta leƙa rumbun mijinta, haka muka taso muka tarar. Maigida shi zai hau, ya ɗaga jinka, ya fito da dami ya ajiye miki, ke kuma ki sussuke ki yi abinci. Abin da ya rage a ciki tsakaninsa ne da Ubangijinsa. To amma an hana ido ne, ba a hana kunne ba. In rumbu cike yake, Malam, wato maigidana, daga kan tsani yake miƙa hannu ya zaro. In ya yi rabi, sai ka ji ya dira ciki. A shekarar da nake ba ka labari, tun zafi bai kankama ba na fara jin dirarsa tana amsa kuwwa. Daga baya kuma na riƙa jin tafin hannunsa yana sharar ƙasan rumbun.

Shekarun bayan babban farin nan ne, muna cikin Jihar Kano a lokacin, naira ba ta daɗe da fitowa ba. Ruwa ya ɗauke mana dawa tana da ciki. Gyaɗar da muke dogara da ita kuma wata cuta ta nannaɗe mata ganye, ba a ɗebi komai ba. A rediyo kuwa kullum zancen arzikin man fetur ake yi, samari suna ta tafiya Kano aikin gini.

Wata safiya Malam ya ajiye mini wani ɗan ƙaramin dami a bakin turmi, bai dube ni ba, ya fita. Ɗaurin kaba ne, zangarniyar duk manya, kai ɗaya, da toka a jikinsu don ƙwari. Na san su sarai. A tsakar gidan nan muka zauna da kaka ni da shi, muka zaɓe su ɗaya bayan ɗaya. Irin da za mu shuka ne.

Na tsaya da taɓarya a hannu. Yarana uku suna jikin bango suna kallon turmi. Surukata, wadda kowa a gidan yake kira Inna, tana zaune a ƙofar ɗakinta. Ta dubi damin, ta kau da kai, ta ce, “Daka mana, rana tana yi.”

Na daka. Ƙwayar iri tana da nauyi, ba ta amo irin na sauran hatsi. Tuwon ranar ya yi daɗi ƙwarai, kuma wannan shi ya fi ci mini rai.

Bayan irin ya ƙare, Malam ya sayar da akuyarmu, ya shiga aikin lebura a kan hanyar da ake gyarawa. Yana sayo mana mudu-mudu daga kasuwa mai nisa, inda ba a san fuskarsa ba. Hatsin kasuwa na lokacin daga wata uwa duniya ake kawo shi, a gauraye, wani duk ƙwari sun huda. Ya yi tuwo, amma ba manomin da zai zuba shi a rami da kwanciyar hankali. Ga damina tana matsowa, mu kuwa ba mu da ko tafi ɗaya na iri, kuma ba wanda ya taɓa faɗar haka da baki a gidan. Duk da haka, da bazara ta kama, Malam ya samo shuci ya yi wa rumbu sabuwar jinka kamar kowace shekara. Wanda ya wuce ta waje sai ya ce gidan nan hankali kwance.

Ana cikin haka mai unguwa ya bi gida-gida da sanarwa. Ina jin sa daga zaure yana yi wa Malam bayani. Wai wasu ƙasashen Turai ne da suka haɗa kai suka mai da kasuwarsu ɗaya, sun ƙulla yarjejeniya da ƙasarmu. Za su riƙa sayen kayanmu, su gyaɗa da fata da auduga, su kuma taimaka wa manoma da iri da taki da rijiyoyi. Kafin su raba komai, za su aiko mutanensu tare da malaman gona na Birnin Kudu, su zaga ƙauyuka su ga inda aka fi bukata. Ya faɗi wannan ta ƙarshen a fili, ni shaida ce. Amma abin da ya zauna a ran garin shi ne baƙi za su zo.

Da la'asar Malam ya kunna rediyonsa a gindin darbejiya, aka yi sa'a zancen ake yi.

Inna ta ce, “Ba jiya na ji akwatin nan naka yana cewa ƙasar ta yi arziki ba? To sadakar ta mece ce?”

Ya ce, “Man yana can Ikko, Inna. Mu nan sai dai mu shaƙi hayaƙinsa a bayan mota. Kuma ba sadaka ba ce, haɗin gwiwa suka ce. Gyaɗar da Baba ya yi ta kaiwa kan sikeli shekara da shekaru, ina kike zaton ta tafi? Tana can wurinsu.”

“To in ciniki ne su tsaya a kasuwa mana. Me za su gani a ɗakin mutane?”

Ni kuma ina tankaɗe, na ce a hankali, “An ce fa masu bukata za su rubuta.”

Malam ya murɗa rediyon ya koma wata tasha. Ya ce, “Masu bukata suna nan da yawa. Allah ya rufa musu asiri.”

Ka ga yadda garin nan ya tashi tsaye. Aka share lungu-lungu, aka shafa wa zauruka farar ƙasa, maza suka fito da rigunan salla. A gidan mai unguwa aka kayar da rago. Ni da nake da kunne na san turame nawa ne suka yi shiru a unguwar tun watanni, amma safiyar ranar babu turmin da bai yi magana ba. Malam ya shigo da shinkafa kwano guda, ban tambaye shi inda ya samo ba. Sai daga baya na lura bargonsa ba ya kan igiya. Kaji biyu suka rage mini, aka yanka ɗaya. Na wanke kwanukan jerena har suna ɗaukar ido, na yi wa yara wanka, na mulke su da mai, na sa musu kwalli, na ɗaura atamfata ta biki. Ba wanda ya ce mu yi ƙarya, kuma ba ƙarya muka nufa ba. Baƙo zai zo daga nesa, yaya za a yi ya tarar da kai a yamutse?

Da hantsi motoci suka iso. Mazan baƙin suka zauna da maza a ƙofar mai unguwa. Akwai mace ɗaya a cikinsu, Baturiya, ita aka ce za ta shiga gidaje ta gana da mata. Wata malamar asibiti daga Birnin Kudu ce take yi mata tafinta. Gidanmu aka fara kawo su, don shi ne a bakin hanya.

Har yau ina ganin fuskar Baturiyar nan, zafi ya mai da ta jawur. Ta cire takalmi a bakin tabarma ba tare da an gaya mata ba, ta zauna ta rasa yadda za ta yi da ƙafafunta. Na kawo ruwa, na kawo shinkafa da kaza. Ta sa hannu ta ci, rabi yana zubewa, tana dariyar kanta. Na ji ta kwanta mini a rai. Daga nan ta buɗe littafi ta fara tambaya, malamar tana juya mini. Mu nawa ne a gidan, ina muke ɗebo ruwa, sau nawa nake ɗora tukunya a yini. Tana tambaya tana duba ɗakina, idonta ya tsaya a kan kwanuka, ya tsaya a kan rediyo, tana rubutawa.

Sai ta zo kan wadda nake tsoro. Malamar ta ce, “Ta ce hatsinku zai kai ku kaka? Kuna da abin shukawa in ruwa ya sauka?”

Malamar nan daga maganarta na san 'yar ƙasarmu ce, ba ta tashi nesa da mu ba. Tun shigowarta ba kwanuka take kallo ba, damatsan yarana take kallo ta ƙarƙashin man da na shafa musu. Ta rage murya ta ƙara da nata, ta ce, “Yaya, abin da kika faɗa shi za ta rubuta. Ba ta san komai ba sai abin da aka gaya mata.”

Inna tana ƙofar ɗakinta tana jan carbi, sai na ji carbin ya tsaya. Ta bayan darni na ji motsin maƙwabciyata, ta bar abin da take yi ta matso tana saurare, don gidanta za a shiga bayan nawa. Can kuma cikin zaure wani ya yi gyaran murya ƙasa-ƙasa. Malam ne. Ya baro taron maza ya zo ya tsaya.

Maganar tana bakina, wallahi na ji ɗanɗanonta. Kalma uku ce, mun cinye irin. Amma in na faɗa, ba ni na tona ba, mutumin da yake tsaye a zaure na tona, a gaban uwarsa, a kunnen maƙwabta, a cikin littafin da za a haye teku da shi. Mutumin da ya sayar da bargonsa don kada a ga kasawarsa.

Na ce, “Alhamdulillahi, muna cikin rufin asiri. Ga rumbu can.” Na nuna da hannu.

Baturiya ta waiwaya ta ga sabuwar jinka tana sheƙi a rana, ta yi murmushi, ta rubuta.

Malamar ba ta sake ni ba. Ta ce, “Irin fa, Yaya?”

Na ce, “Ai kin sani, mace ba ta leƙa rumbu.”

Ta daɗe tana kallona, sannan ta juya ta faɗa wa Baturiya. Carbin Inna ya ci gaba. Da za su tashi na kamo kazar da ta rage, na ɗaure mata ƙafa na miƙa. Baturiya ta yi ta girgiza kai, Inna ta taso da kanta ta ɗora mata a hannu, ta ce baƙo ba ya fita gidan nan hannu rabbana. Haka ta fita rungume da kaza kamar jaririya. Malamar ta tsaya sa takalmi, ta ce da ni, “Shinkafar ta yi daɗi. Allah ya mayar da alheri.” Muryarta babu daɗi ko kaɗan.

Ina ji suka shiga gidan maƙwabciyata. Ina ji ta dama musu fura. Ina ji ta ce alhamdulillahi, kusan da irin muryata.

Bayan 'yan makonni manyan motoci suka biyo hanya da kaya. Ina tsakar gida na kasa kunne in ji sun rage gudu a mararrabarmu. Ba su rage ba, suka miƙe wajen Gwaram. Mai unguwa ya zo ya shaida wa Malam cewa a takardar baƙin an sa garinmu cikin masu dama-dama, iri da taki an ba waɗanda suka fi mu shiga matsi, mu kuma za a duba mu da rijiya nan gaba. Malam ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ya shigo ya ɗauko sungumi ya zauna yana gyara masa ƙota, ga hadari yana haɗuwa a gabas kowace yamma, ga shi ba shi da abin jefawa a rami.

Ina da ƙanwa da take aure a wani ƙauye a ƙasar Dingaya, wajen Gwaram. Ita ba irina ba ce, ƙafarta ba ta zama, bakinta kuma ya fi ƙafar. Wata ranar kasuwa sai ga sallamarta, da ƙunshi a ka. Ta sauke, ta sha ruwa, ta hau ba ni labari. Su motar baƙin kwana ɗaya ta riga ranar da aka ce, ta faɗo musu ba shiri. Aka tarar da mata suna kwaɗa tafasa da dusa, yara ko wanka babu. Mai unguwarsu don kunya kwana biyu bai fito ba.

Ta ce, “Mu ba a ba mu lokacin kwalliya ba, Yaya, shi ya cece mu. An ba mu iri, an ba mu taki, da ɗan hatsin da za a ci a yi noma.” Sai ta dube ni ta rage murya. “Ni kuwa da na ji an ce garinku an kayar da rago, har wata ta ba Baturiya kaza, na ce shi ke nan, Yaya ba ta da komai. Haka mahaifiyarmu take yi. Ranar da ta fi cika wa baƙo kwano, ranar mu muke kwana da kunu.”

Na sunkuyar da kai. Ta ce in bar mata sauran.

Ka san tsakanin miji da ƙanwar matarsa akwai wasa, abin da ni ba zan iya faɗa wa Malam ba ita sai ta faɗa ta ƙara da dariya. Tana jin takalminsa a zaure ta ɗaga murya.

“Ina mijin nawa? Shigo, attajirin Sundimina. Mun ji labari, har Turai an san ku da cin shinkafa.”

Ya shigo yana cewa, “Wa ya kwance wannan? Mutanen Gwaram an ci na Turawa an yi baki.”

“Baki dama muna da shi. Rigima na kawo maka.” Ta kwance ƙunshin, ta ture kuka da daddawar da ta ɗora a sama, ta jawo wata 'yar jaka. “Sabuwar dawa ce, gajera, wai da wuri take nuna. Malaman gona sun ce sai ƙwararren manomi. Na ce ina da miji a ƙasar Birnin Kudu, in dai cika baki noma ne babu kamarsa. Maigidana ya ce a kawo maka ka gwada a ƙasarku a gani. In ta fi ƙarfinka ka dawo mana da abinmu, ba za mu gaya wa kowa ba.”

Malam ya tsuguna, ya nutsa hannu cikin jakar, ya ɗebo yana murzawa. Ya jefa ƙwaya ɗaya a baki ya fasa da haƙori.

Sannan ya ce, “Wannan 'yar abar? A gefen gona zan yarfa ta, kada ta ɓata mini tawa.”

Ta ce, “Yarfa ta inda ka ga dama, angona.”

Ya ɗauki jakar da kansa ya shiga ɗaki da ita. Ina ji ya ɗaure bakinta, ya kwance, ya sake ɗaurewa.

Ba a yi mako ba ruwa ya sauka, Malam ya shuke gonar kaf da ita. Dawar ta fito gajera kamar yadda aka ce, Inna tana kiranta wadda ba ta kai ƙugu ba. Karanta bai isa gyaran darni ba, tuwonta kuma bai kai na tamu ta gado santsi ba. Amma ta nuna da wuri, ta fitar da mu. Da kaka muka zauna a tsakar gida ni da shi muka zaɓi zangarniya, ya ɗaure dami biyu da kaba. Ɗaya ya hau da shi rumbu. Ɗayan ya aika Dingaya, ya ce a gaya wa mai bakin nan, mijinta dawar ta fi ƙarfi, ba shi ba.

Da a nan labarin ya tsaya da ban dame ka da shi ba. Maƙwabciyata ba ta da ƙanwa a Dingaya. Mijinta hatsin kasuwa ya shuka, ya fito nan ɗaya can ɗaya. Kafin kaka ta ƙare suka ja ƙyaure suka tafi Kano, wai sai abin ya yi sauƙi. Turmin nan da nake gane gero da dawa daga amonsa ban ƙara jin sa ba. Kuma na san abin da ta ji ta bayan darni ranar nan kafin a shiga gidanta. Da na buɗe baki, wataƙila da ita ma ta buɗe, ta gaba da ita ma haka. Wataƙila kuma da ba abin da ya canza sai dai Malam ya kasa haɗa ido da mutane. Ban sani ba.

Ban taɓa ganin laifin Baturiyar nan ba. Ta taso daga inda ta taso, ta zauna a tabarmata, ta tambaye ni kai tsaye. A wurinsu, ga alama, mai bukata shi yake faɗa. Mu kuwa wanda ya fi shiga matsi shi ya fi share ƙofar gida. Ƙanwata ta iya bayarwa ba tare da ta sa mutum ya roƙa ba, amma don ciki ɗaya muka fito ne, ta san ma'anar kazar. Wanda ya zo daga bayan teku da littafi, yana da ƙauyuka da yawa a gabansa kafin ruwa ya sauka, ina zai samo wannan sanin? Kuma irin da ya cece mu nasu ne, hanya kawai ya sake. Rijiyar ma sun cika alkawari, an zo an haƙa bayan shekara biyu, har yau ita muke sha.

Malam bai taɓa tayar da zancen ba sai sau ɗaya, ya tsufa, muna zaune a gindin darbejiyar nan. Haka kawai ya ce, “Ranar da Baturiya ta zo, kin kyauta mini.” Na ce to. Shi na kyauta masa, wannan na yarda. Sauran ne ban gama sani ba.

To kai da ka saurara har ƙarshe, ga ka a kan tabarmar nan, ga littafi a buɗe, ga yara a jikin bango, ga mai gyaran murya a zaure. Me za ka ce mata?